Keken Inna da Injin Kano

Keken ɗinkina gadon Inna ne. Daga Damagaram ya fito, ta Maigatari aka shigo da shi tun ina goye. Da shi na ɗinka wa 'ya'yana kayan sallah, har gwiwoyina suka soma ƙin takawa.

Shekarar da babbar 'yata ta sami aikin buga takardu da kwamfuta a Gumel, sai ta sayo mini ɗan injin wuta mai juya keken ɗinki daga Kano.

"Umma, kin huta. Taɓawa kawai za ki yi, ya gudu."

Muka kira mai gyara, wani mutumin Filato mai yawan dariya. Ya gwada notin injin a jikin keken, ya ƙi shiga. Ya sake, ya ƙi.

"Mama, keken nan naki Bafaranshe ne, injin kuwa ɗan Ingila. Awonsu ba ɗaya ba."

"Haka muke fama a ofis," in ji 'yata. "Sabuwar kwamfuta ta yi ta kiran tsohuwar firinta, ita kuwa ko ta amsa."

Na ce wataƙila sabuwar ba ta iya gaisuwa ba ne.

Shawara biyu ya kawo: ko a sake kan keken, ko ya huda sabon rami. Ya ɗora yatsa inda zai huda. Daidai wurin da fenti ya goge ne, inda Inna take dafa hannun hagu in tana ɗinki. Sai na rufe wurin da tafina.

'Yata ta dube ni, ta dubi gwiwoyina. Na san lissafin da take yi: in ba injin, na bar ɗinki ke nan.

"Malam," ta ce a hankali, "dole ne sai sun taɓa juna?"

Ya sosa ƙeya, ya fita. Da la'asar ya dawo da guntun katako da dogon bel. Ya kafa injin a kan katakon, gefen tebur, bel ɗin ya haɗa su daga nesa. Ya ajiye mini ɗan abin taka injin a ƙasa.

Takun farko zare ya tsinke, na biyu ma haka. Injin gaggawa gare shi, keken kuwa bai saba ba. Sai na sassauta ƙafa, kamar mai lallaɓa jariri. Allura ta soma tafiya, da ƙarar nan tata ta dā.

Na dafa hannun hagu a inda aka saba, na ce wa 'yata ta miƙo mini ɗankwalinta in kalmashe bakin.