Ranar Da Muka Karrama Hajiya

A jikin ƙofar ofishina an rubuta cewa ni ce Mataimakiyar Darakta Mai Kula da Manyan Masu Bayar da Tallafi. Innata ta kasa riƙe wannan doguwar magana, don haka duk wanda ya tambaye ta a Tudun Wada me 'yarta take yi a jami'a, sai ta ce, "Roƙo take yi, amma a mota." Har na bar aikin ban sami abin da zan gyara a bayaninta ba.

Jami'ar tamu ƙarama ce, mai zaman kanta, can bayan gari in ka wuce Kwangila ka miƙe. Kuɗin da aka kashe a ƙofar shigarta sun fi na ɗakin karatunta, kuma aikin ofishinmu shi ne mu nemo masu hali su cike sauran. Na halarci sunan jikokin mutanen da ban taɓa gani ba. Na yi ta'aziyyar tsofaffin da ban san da zamansu a duniya ba sai ranar da suka bar ta. In attajiri ya dawo daga Umara, kafin ya kwance jakarsa na iso da kwalin lemo da gaisuwar Shugaban Jami'a, wanda shi ma bai san ya yi gaisuwar ba.

Daraktanmu ɗan Zariya ne, ɗan gidan malamai, ya yi karatu a waje ya dawo da ƙaunar taron bita. A wani taron aka ɗauko mana masani daga nesa, ya haska mana bango da firojekta, ya ce babu abin da mai kuɗi yake so irin ya ga suna a jikin gini, kuma kowace kyauta sai an ba ta labari mai sa hawaye. Darakta ya haddace wannan magana ya riƙa karanta mana ita kowace Litinin. Ni kuwa dalilin ɗaukata a fili yake. Akwai dukiya mai yawa a hannun mata a garin nan, a cikin gidajen da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofa, kuma duk digirin Darakta iyakarsa zaure. Ga shi kuma ina da amfani a hoto. Duk lokacin da ake son nuna cewa jami'armu ba ta ware kowa, sai a tsayar da ni da hijabina a gefen hagu, a turo ɗalibi mai keken guragu gefen dama.

Wannan shiri sunansa Tafiya da Kowa. A ƙarƙashinsa muka ɗauki wasu ɗalibai kurame, muka yi musu hoto mai kyau, muka buga shi a ƙaton ƙyalle muka rataya a bakin titi. Sai da aka fara karatu sannan wani mai basira ya tuna cewa ba sa ji. Suna zaune a aji suna kallon bakin malami daga safe har azahar. Akwai wani tafinta mai maganar hannu da ke zuwa daga Gyallesu don Allah, amma ya gaya mana gaskiya cewa yana da iyali, kuma an yi masa tayin aiki a Kaduna. In ya tafi, yaran nan sun koma gida. Aka yi taro a kan matsalar, aka ci shinkafa, aka ɗora mini neman wanda zai ɗauki albashinsa.

Akwai wata Hajiya a bayan layinmu, babbar mai sarin atamfa da leshi, kuma tare suke zuwa Islamiyya da innata. Na yi watanni ina zarya a gidanta. Na ci dambunta har na fara ƙiba, na yaba zannuwan da ban da kuɗin saye. Ta san abin da ya kawo ni, ni ma na san ta sani, amma babu wanda ya yi rashin kunyar faɗa.

A wannan zaryar na saba da ganin wani mutum, magidanci, kurma, tela ne mai shago wajen Kongo. Yakan shigo kansa tsaye, ya wuce madafa ya zubo abincinsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ci. Hajiya ba ta ɗaga kai ta kalle shi. Iyakarta ta ce da mai aikinta, "A ƙara wa wancan miya." Ni haifaffiyar Tudun Wada ce, ba na buƙatar a yi mini bayani. Ɗanta ne na fari. A irin gidajenmu uwa tana yi wa ɗan fari alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Kakarsa ce ta raine shi, kuma bai yi boko ba, don a lokacinsa babu makarantar da ta san yadda za ta yi da shi a kusa. Haka suke zaune shekara da shekaru, ita tana kallon wani wajen, shi yana cin tuwonsa, kowa ya san matsayinsa a zuciyar kowa.

Ranar da na kawo maganar ɗalibanmu, Hajiya ta ajiye atamfar da take ninkewa.

"Wato suna zaune ne kawai suna kallon bakin malami?"

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Sannan ta ce za ta ɗauki albashin tafintan, ta ƙara da na wani, kuma a gyara musu ɗaki guda da za su riƙa zama, muddin tana raye. Ina shirin zubo godiyar da aka koya mana a taron bita ta ɗaga mini hannu.

"'Yar nan, sharaɗina ɗaya ne. Kada in ji sunana a ko'ina. Kuma kada a haɗa wannan magana da kowa na gidan nan. Kin ji ni?"

Na ce na ji, na kuma yi mata alkawari. Na fito ina murna ta gaske, irin wadda ban taɓa yi ba a wannan aiki.

Darakta ya yi farin ciki na ɗan lokaci, sannan fuskarsa ta sauya. Kyauta mafi girma da ofishinsa ya taɓa samu, amma babu suna, babu hoto, babu abin sa wa a rahoton da za a aika wa masu tallafi na ƙasashen waje. Ya riƙa zagaya ofis kamar wanda aka ba wa sabuwar riga aka hana shi fita da ita. Ba a yi mako ba ya gano labarin telan, don ba asiri ba ne. Duk Tudun Wada an sani, kawai dai ba a faɗa ne. Ya kira ni ofishinsa idonsa na ƙyalli.

"Malama, ga labarin da muke nema a gabanmu! Uwa, ɗa kurma, ƙauna ta shekaru. Mu sa wa ɗakin sunan ɗan. Wace uwa ce ba za ta ji daɗi ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce kada a haɗa maganar da kowa na gidanta. Kuma ɗan fari ne. Kai ma na ji an ce ɗan fari ne. Hajiyarka ta taɓa kiran sunanka?"

Ya yi dariya ya ce irin waɗannan al'adun ne ilimi ya zo ya sassauta. Na ce ilimin ya jira ta mutu tukuna. Da ya ga raina ya ɓaci sosai, sai ya ɗaga hannu biyu ya ce ya ji, an bar maganar, allon da za a kafa a jikin ɗakin zai ce wata baiwar Allah ce kawai. Ya roƙi abu ɗaya, in gayyato ta ranar buɗe ɗakin ta zauna cikin matan unguwa kamar kowa, ta ga abin da dukiyarta ta yi. Da ƙyar Hajiya ta yarda, sai da innata ta sa baki ta ce tare za su je.

Ranar buki aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka ajiye masu laushi a gaba don manya. Taron safe ne, saboda haka aka fara wajen azahar. Shugaban Jami'a ya yi jawabi a kan muhimmancin sauraren marasa murya, lasifika tana ƙara har kunnenmu na zafi, ɗalibanmu kurame ne kaɗai suka zauna lafiya. Tafinta yana tsaye a gefen dandamali yana juya jawabin da hannu. Hajiya na can tsakiyar mata, ta yi shigar da ba za ka ce ta mallaki shago ba.

Sai na hango telan a layin gaba, cikin sabon kaftani. Daga baya na ji cewa motar ofis aka aika ta ɗauko shi, aka ce masa ana son ya zo ɗalibai su ga kurma mai sana'a. Na miƙe zan nufi Darakta, amma ya riga ya karɓi makirfo, ya riga ya kama igiyar labulen da ya rufe allon.

Ya ja igiya, ya karanta sunan mutumin da ƙarfi har da na mahaifinsa. Sannan ya ba da labari kamar yadda masanin ya koyar: wata uwa a Tudun Wada da ta kwana tana kuka shekara da shekaru saboda ɗanta bai sami karatu ba, ta rantse ba za a sake yi wa wani ɗa haka ba. Ban san wanda ya ba shi labarin kukan ba. Ya nuna inda take zaune da hannu, ya ce a yau jami'a tana roƙon wannan uwa ta taso, ta kira sunan ɗanta a gaban jama'a, ta faɗa masa abin da ya daɗe a ranta.

Tafinta ɗan gari ne, ya iya maganar hannu ta makaranta, ya iya ta unguwa. Na ga hannunsa ya tsaya, amma telan ya zuba masa ido yana jira, ɗalibai ma suna jira, aikinsa kuwa shi ne ya faɗi abin da aka faɗa. Ya faɗa. Telan ya kalli allon da bai iya karantawa ba, ya juya yana neman uwarsa a cikin mata.

Matan da ke kusa da ita duk sun sunkuyar da kai. Innata ta rufe bakinta da gefen hijabi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska ta miƙe, manyan baƙi suka ɓarke da tafi suna zaton dandamali za ta hau. Ta bi ta bayan rumfa ta nufi bakin titi, ta tsayar da adaidaita ta shiga. Mai hoto bai samu komai ba sai bayanta. Wannan hoton ne ya fito a rahoton shekara, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa farin ciki ya hana ta magana. Masu tallafi na waje sun yaba ƙwarai, Darakta ya sami ƙarin girma.

Na yi kwanaki kafin in iya taka gidanta. Na yi sallama ta amsa, ta ba ni tabarma, ba ta ba ni ruwa ba. Na fara ba da haƙuri ina rantsuwa cewa an ce mini an bar maganar. Ta ce ta sani, innata ta gaya mata.

"Yaran nan ba su yi mini komai ba," in ji ta. "Albashin malamansu zai ci gaba da zuwa. Amma ke ba sai kin ƙara wahalar da kanki ba."

Na ji zafin maganar, amma ba ita ce ta fi damuna ba. Na rasa yadda zan tambaya, don ni ma yanzu nauyin ambaton telan nake ji. Na ce, "Hajiya, ya leƙo kuwa?"

Ta kalli ƙofar gida. "Jiya ya zo. Bai shigo ba. Ya tsaya a zaure da kwalin turare da goro, ya aiko mai aikina ta ce mini yana godiya, Allah ya saka da alheri." Sannan ta ƙara da cewa, "Tunda na haife shi bai taɓa yi mini godiya ba. Me zai gode? Gidansu ne. Yanzu kun mai da ni wata Hajiya mai taimakon kurame, shi kuma ya zo gaishe ni kamar sauran masu zuwa."

Ta jawo wata atamfa ta ci gaba da ninkewa, ta ce in gaida innata.