Teburin da Muka Yanke wa Ƙafafu

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Randagi muka dawo cikin Birnin Gwari, ko kusa da kwamfuta ban taɓa zama ba. Noma ya gagara, daji ya koma hannun 'yan bindiga, muka kwaso abin da babur zai iya ɗauka muka kama haya a bayan kasuwa. Baba, mutumin da rana ba ta taɓa fito masa yana gida ba, ya koma zaman zaure yana kallon masu wucewa. Yayana ya shiga acaɓa. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune, sai wanke-wanke da jin haushin kowa.

Yaya ne ya kai ni wurin wata dattijuwa 'yar Gbagyi da ke koyar da buga rubutu a ɗakin gidanta. Ta yi aikin tafireta a wani ofis a Kaduna har ta yi ritaya. Mu ɗalibanta Malama muke ce mata. Na shiga da ɗokin ganin gilashin kwamfuta ya kawo haske, sai ta nuna mini kujera ta ce in zauna. Na zauna. Ta ce in tashi. Na tashi. Ta ce in sake zama.

"'Yata, wannan ba zama ba ne, zubewa ce. Kai bayanki jikin kujera. Ƙafafunki su taka ƙasa. Sauke kafaɗun nan, wa zai dake ki?"

Kwanakin farko duka haka muka yi su, kwamfuta a kashe. Ta tura mini katako a ƙarƙashin ƙafa don gajeriya ce ni. Ta ɗora gilashin a kan tsofaffin littattafai har samansa ya zo daidai idona. Ta kama gwiwar hannuna ta manna ta kusa da haƙarƙarina, ta miƙe mini wuyan hannu, ta ce kada ya lanƙwashe sama, kada ya lanƙwashe ƙasa. Na koma gida ina huci, na ce wa Yaya matar nan ba ta da abin koyarwa, wasa take yi da mu.

Daga baya ta ɗora yatsuna a layin tsakiya na kibod, wato allon haruffa, ta sa na laluba ɗan tudun da ke kan F da wanda ke kan J, ta ce nan ne gidan manuniyoyina, duk inda suka je su dawo nan. Ta kawo ƙyalle ta rufe mini hannu don kada in leƙa. Ƙaramin yatsana na hagu ya ƙi jin magana, sai ya miƙe sama kamar mai neman izini a aji. In na daddage ina dukan haruffa sai ta ce, "Ba sussuka kike yi ba, taɓawa kawai." In mun ɗan jima sai ta tafa hannu, kowa ya tashi, mu girgiza yatsu, mu juya wuya, mu leƙa ta taga mu kalli bishiyar mangwaron maƙwabta don ido ya huta. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Kafin damina ta fita na iya. Ina kallon takarda, yatsuna na tafiya su kaɗai. Ban taɓa iya wani abu da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya yake ci mini rai har yau.

Wani Alhaji mai shagon buga takardu da fotokwafi kusa da tasha ya ɗauke ni aiki. Ranar farko da na ga wurin zamana na san akwai matsala. Teburin tsohuwar kanta ce ta mai sayar da atamfa, doguwa, an yi ta don mai tsayuwa. Abin zama kuma benci ne gajere marar majingini. In na zauna, kibod yana zuwa mini wajen ƙirji, sai na ɗaga kafaɗu na rataye hannuwa kamar mai shanya, kaifin teburin yana danne mini wuyan hannu. Gilashin kuma an karkatar da shi gefe don mai takarda ya riƙa ganin abin da ake buga masa, ni kuwa in wuni wuyana a murɗe.

Na ce, "Alhaji, teburin nan ya yi mini tsawo."

Ya ce, "Ke ce kika yi gajarta."

Mutanen shago suka yi dariya, ni ma na yi, don sabuwa ce ni kuma ina son aikin.

Aiki kuwa akwai shi. Ɗalibai da rubutun makaranta, masu neman aiki, masu ƙorafi, mutanen ƙauyuka da suka gudo irinmu suna son a rubuta musu takardar neman taimako. In an tayar da janareta ba a son ganin hannuna ya tsaya. Ranar da na tashi na girgiza yatsu na leƙa waje kamar yadda Malama ta koya mana, Alhaji ya ɗago daga kujerarsa mai juyawa, mai taushi, wadda ba abin da yake yi a kanta sai latsa waya, ya ce, "Mai yana ƙonewa, ke kina rawa?" Daga ranar ban ƙara tashi ba sai salla.

Wuya ne ya fara ciwo. Sai kafaɗar dama. Sai na fara farkawa da asuba in ji babban yatsana da na kusa da shi sun mutu, kamar ba nawa ba, sai na yi ta yarfe hannu kafin in iya riƙe buta. Wani lokaci kamar tururuwa na tafiya a cikin tafina. Na sayi man zafi a kemis, na shafa har fata ta yi ja. Na kawo matashi daga gida na ɗora a kan benci don in ƙara tsawo, ƙafafuna suka koma lilo, bayana ya ɗauka.

Na sake samun Alhaji. Na ce ko kujera mai tsawo ya sayo, ko a rage teburin, ko ya bar ni in gyara zaman gilashin. Na yi maganar da ladabi, har da rusunawa.

"Ikon Allah," in ji shi, yana juyawa wajen abokinsa. "Ka ji 'yar ƙauye. Jiya tana duƙe a gona rana na dukanta, yau tana zaune a inuwa ƙarƙashin fanka, wai kujera ce ba ta yi mata ba."

Wannan maganar ta inuwa ita ce ta fi ƙona ni, don ba shi kaɗai yake yin ta ba. Inna ma da na gaya mata cewa ta yi, "Aikin zama ne zai sa miki ciwo? Mu da muka yi daka da surfe me za mu ce?" Maƙwabta suka ce sanyi ne. Wata ta ce in nemi tofi, ƙila baki ne. Kowa yana da bayani, ba mai son jin nawa, alhali ni na san abin da ke damuna, an koya mini shi tun kafin a koya mini harafi ɗaya. Ina ji ina gani ana lalata mini hannu, kuma don ciwon ba ya jini ba wanda ya yarda akwai shi.

Rannan da yamma na ɗauko tukunyar miya daga murhu, hannun dama ya saki. Miya ta kife a tsakar gida. Inna ta fara faɗa, ni kuma na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ba don miyar ba. Baba ya shigo daga zaure. Ya tsuguna ya kama hannun yana juya shi, ya ce in gaya masa yadda nake zama a shagon. Na kwatanta masa da turmi da kujerar tsakar gida. Ya daɗe yana kallo.

"To ai ko ƙotar fartanya sai an daidaita ta da mai riƙe ta," in ji shi. "In ta fi ƙarfinka, kafin ka kai ƙarshen kunya ta karya maka baya. Kin gaya wa mai shagon?"

"Na gaya masa, Baba. Ba sau ɗaya ba."

"Me ya ce?"

Na maimaita masa maganar gona da inuwa. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Ya tashi ya fita.

Ranar da Alhaji ya bi ayarin motoci zuwa Kaduna sayo tawada, ya bar mini makulli, sai ga Baba da hantsi riƙe da zarto da ya aro wurin wani kafinta. Ban roƙe shi ba, amma da na gan shi ban yi ko gezau ba. Muka sauke kwamfuta, muka kwantar da teburin. Na zauna a benci na sauke kafaɗa, na lanƙwasa gwiwar hannu yadda Malama ta nuna mini, Baba ya gwada da kara ya yi alama da gawayi a kowace ƙafa. Ni na fara yankawa. Na so in ji zarton nan yana cin katakon da hannuna. Ban yi nisa ba hannun ya sage, Baba ya karɓa ya ƙarasa, yana yi yana hure garin katako, gumi na zuba masa. Masu shagunan kusa suka taru a ƙofa suna kallo, wani yana cewa, "Dattijo, ka san mai wurin nan kuwa?" Baba ko ɗagowa bai yi ba.

Da muka tayar da teburin na zauna, na juyo da gilashin ya fuskance ni, na ɗora yatsuna. Wallahi sai da na ji hawaye. Kafaɗuna suka sauka. Na wuni ina aiki, ciwon yana nan, amma ba ya ƙaruwa. Abin da nake roƙo wata da watanni ke nan, kuma bai ɗauki Baba lokacin shan koko ba.

Alhaji ya dawo washegari. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli teburin, ya kalle ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Alhaji. Ni da mahaifina."

"A shagona? Da kayana?"

"Na roƙe ka ka ƙi. Hannuna yana mutuwa."

"To ya mutu mana! Ke kaɗai ce mai hannu a garin nan?"

Ya yi ta zazzaga. Ya ce laifinsa ne da ya tausaya wa 'yan gudun hijira, an ba mu wurin fakewa muna neman mu gaje gari. Na san bai kamata a taɓa kayan mutum ba da izininsa ba, kuma da abin da ya tsaya a kai ke nan da na ba shi haƙuri. Amma da ya kai kan hijira sai na miƙe. Na ce masa ba mu baro gonarmu don sha'awar bencinsa ba, kuma shi da yake zaune kan kujera mai juyawa bai taɓa buga layi ɗaya ba balle ya san abin da ke ciwo. Na faɗa, a gaban kowa. Na ajiye masa makulli a kan teburin na ɗauki matashina na fita.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta gaban shagon. Ya ɗauki wata yarinya. Teburin kuma ya sa an tura masa bulo a ƙarƙashin kowace ƙafa, ya koma tsawonsa na da. Na tsaya a titi ina kallo. Teburin ya riga ya gyaru, ba abin da zai kashe, barinsa kawai zai yi. Amma ya gwammace a nemo bulo a ɗauko a jera, don kada a ce maganar 'yar ƙauye ta tabbata. Yarinyar tana zaune kafaɗunta a kunne, wuyanta a murɗe. Na jira ta a hanya da yamma na yi mata bayani, ta saurare ni da ladabi, ta ce ita dai ba ta jin komai tukuna, kuma a gidansu ita kaɗai ke aiki. Ban ga laifinta ba.

A asibiti suka ce jijiyar wuyan hannu ce ta matsu, suka ɗaure mini shi, suka ce in huta da kibod. Da na je gaishe da Malama ta ga ɗaurin, faɗa ta rufe ni da shi.

"Tun ranar da yatsa ya fara mutuwa ya kamata ki zo. Me kika tsaya jira?"

Na ce ina tsoron rasa aikin.

"To ga shi kin rasa aikin, kin kusa haɗawa da hannun."

Ta yi gaskiya, amma ranar har ita na ji haushi, don ita ba ta taɓa zama a gidan haya da uba marar gona ba.

Na daɗe kafin in koma aiki. Yanzu ina buga takardun jarrabawa a wata makaranta, kuma tun ranar da aka ɗauke ni na ce sai na ga wurin zama kafin in amsa. Shugabar makarantar ta yi mamaki, amma ta bar ni na gyara shi yadda nake so. Hannun ya yi sauƙi, bai koma kamar da ba. In na matsa masa da wanki ko tuƙin tuwo, sai ya tuna mini.

Kwanakin baya na haɗu da Alhaji a wurin wani suna. Ya gane ni, ya washe baki, ya kira abokansa.

"Ku zo ku ga yarinyar da ta yanke mini tebur! Ya hannun, an warke?"

Suka yi ta dariya, abin ya zama labarin nishaɗi a wurinsa. Na gaishe shi don idon mutane, na ce da sauƙi. Aka kawo mini shinkafa na kasa ci, na yi wa mai jego sallama na tafi gida.