Gwangwanin Sholisho a Gaban Sarkin Ruwa

An ba ni takardar gargaɗi saboda na zauna a kan tankin man jirgi na ƙi tashi. Har yau ban ba kowa haƙuri ba. Ku sababbin ma'aikata, ku ji yadda aka yi.

Ranar ba ta fita raina. Wata Talata ce da damina, ina ƙaramar ma'aikaciyar wayar da kai a sashen lafiya, aikin da na samu bayan na yi yaƙi da jahilci da furfurata. Muka tashi daga Warra a jirgin inji zuwa wani ƙauyen masunta, mu yi musu bayanin illar shaƙar sholisho, gam ɗin nan na masu facin taya. Ƙa'idar aikin ita ce a gaida Sarkin Ruwa, a yi jawabi, a nuna hoto. Shugabanmu, Malam Sanusi, ya ce hoto ba ya shiga kai, ya sayo gwangwani guda.

Yana tsakiyar jawabi ya buɗe shi, ya miƙa wa Sarkin Ruwa ya gani. To a wurinsu, in baƙo ya miƙo abu mai ƙamshi, kamar turare ne: ka shinshina, ka miƙa wa na kusa. Ƙin yi raini ne. Sarkin Ruwa ya ja numfashi har ciki, ya ce, "Madalla," ya miƙa gaba. Dattijo tara! Na goman shi ne Garba, matuƙin jirginmu, shi har sau uku.

Na ce wa Malam Sanusi, "Ranka ya daɗe, karɓe abin nan!"

Ya ce, "Inna Kulu, kar ki katse manya." Shi ma ya shinshina don kar a ce ya raina su.

Kafin la'asar Sarkin Ruwa yana yi wa wata akuya nasiha. Wani tsoho kuwa ya dafe ƙirji ya zube, sai da muka fitar da shi iska, muna ta fifita, kafin ya farfaɗo. Nan dariya ta ƙare mini. Abin nan shaƙa ɗaya yana iya tsayar da zuciya.

Sai ga Garba ya nufi jirgi yana tangaɗi, wai ya hango kwalta shimfiɗe har Warra. Mu shida zai ɗauka, har da mai ciki da za mu kai asibiti. Na riga shi, na zauna daram a kan tankin.

"Inna, tashi mana!"

"Garba, uwarka ma ba ta isa ta tashe ni ba."

Malam Sanusi ya ce umarni ne. Na ce ya rubuta. Awa uku ina zaune, har aka samo wani matuƙin.

Malam Sanusi kuwa ya rubuta mini takardar gargaɗin. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ka san ladabin mutane kafin ka sa musu guba a hannu.

Washegari da safe na wanke wani gwangwanin madara, na liƙe bakinsa, na rubuta SHOLISHO da hannuna, na dire shi a teburinsa tare da amsar takardarsa. Da shi ake jawabi har yau.