Muryar Baba a Ƙarshen Kaset

Shekarar da na gama sakandare a Zuru ba ni da wata magana sai ta fim. Ba fitowa nake so in yi ba, don ko a hoton makaranta bayan dogaye nake ɓuya. Ni dai in rubuta labari, wasu su hau kai. Duk Asabar da la'asar akwai shirin da ake yi a rediyo, ana hira da masu wannan sana'a, kowa ya faɗi yadda ya fara da irin wuyar da ya sha. Nakan naɗe hirar a kaset in yi ta juyawa, har Mama ta ce kunnenta ya gaji.

Wani Ibo mai shagon kaset a bakin kasuwa ne ya koya mini dabara. Tsohon kaset da aka karya wa haƙori don kada a naɗi wani abu a kansa, in ka cusa 'yar takarda a ramin sai ya koma kamar sabo. Daga ranar babu kaset ɗin da ya tsira a gidanmu.

Wata Asabar aka ce za a yi hira da wata mata mai rubuta fim, ni kuwa ba ni da kaset ko ɗaya. Mama ta tafi Bena gaisuwar mutuwa. Na buɗe akwatinta, na tarar da wani cikin gidan kaset na waƙoƙin matan coci, babu rubutu a jikinsa sai ɗigon jan farce. Na ce waƙoƙin nan ai ta haddace su. Ban tsaya saurara ba, na cusa takarda na danna.

Da shirin ya ƙare na mai da kaset baya don in sake ji. Matar ta yi magana mai daɗi. Ta ce a riƙa rubuta yadda mutanen gida ke magana, kuma kada a jira sai an yarda da kai kafin ka fara. Ta yi sallama, kaset ya yi ƙyas, sai ga muryar namiji cikin yarenmu na C'lela. Na gane ta nan take.

Baba soja ne. Ina 'yar shekara takwas aka kai su aiki ƙasar waje, bai dawo ba. Da yake Mama ba ta karatu, kaset ya aiko mata maimakon wasiƙa. Na san da zancensa, amma ba ta taɓa sa shi a gabanmu ba, sai mun tafi makaranta. Kusan rabin sa'a na maganarsa na shafe. Abin da ya rage kaɗan ne: a gyara jinkar rumbu kafin damina, a gaishe da yara, sai 'yar dariyarsa.

Da ta dawo na durƙusa na faɗa mata, ina kuka. Na so ta dake ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta karɓi kaset ɗin, ta zare takardar da tsinke, ta tambaye ni ko akwai saura. Na ce akwai. Ta ce to, in je in ɗora tuwo.

Mama ba ta yarda da madannin da ke tura kaset gaba ba, ta ce shi ke sa rediyo cin zare. Don haka duk lokacin da take son jin Baba sai ta zauna ta saurari matar nan daga farko har ƙarshe. Shekara biyu ana haka, ni kuma na daina taɓa biro don kunya.

Wata rana ina tankaɗe ta ajiye mini sabon littafin rubutu a kan tabarma. Na ce na bar wannan zancen.

"Matar nan ta ce kada a jira," in ji ta. "Na fi ki saninta yanzu."

Na ce, "Mama, ba ki jin haushinta? Ita ta cinye maganar Baba."

Ta zauna tana tsince wake. "Babanki ai bai ji haushi ba. Kullum sai ya bari ta gama tukuna yake magana."