Cokalin Jirgin Habasha

Tun ina saurayi nake tsallakar da Inna tafkin Kainji a jirgina mai inji, daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Yelwa, ban taɓa jin ta yi wa kowa zancen ba. Amma ƙanwata sau ɗaya tak aka tura ta kwas Habasha, ta hau jirgin saman ƙasar, shi ke nan muka shiga uku.

Ta dawo da ɗan cokalin robar da aka ba ta abinci da shi. Inna ta wanke shi, ta adana cikin langarta. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata: "Autata cikin gajimare ta ci shinkafa da wannan." Ni kuwa ina tsakar gida ina ɗinkin komar kamun kifi, raina na ƙuna. Kifin miyarsu ma ni na kamo shi.

Ranar kasuwa na ɗauko Inna kamar kullum, na shimfiɗa mata tabarma. Muna tsakiyar ruwa ta dube ni, ta ce, "Wai kai naka jirgin, ba a raba abinci ne?"