Gumbar da Aka Kai Karaye

Ranar da jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a birni, rediyo ta wuni tana jero mamatan da muƙamansu: wani babban mutum haifaffen Karaye, da 'yan rakiyarsa, da matuƙin. Can a ƙarshe mai labarai ya ƙara da cewa abin ya rutsa da wani mai rake a bakin titi. Mai raken nan ɗan Gwaggo ne, yayar mahaifina, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata.

Aka ba da hutun makoki, aka sassauto da tuta. Mu kuwa a ƙauyenmu da ke bayan Kwanyawa ko gawa ba mu gani ba, a can aka rufe shi. Abin da ya rage wa Gwaggo shi ne sadakar uku: a taru a ƙofar gidanta, liman ya ambaci sunan ɗanta, a shafa. Ba ta nemi komai ba bayan wannan.

Ranar ukun da sassafe muka hau dakan gero. Ta hana ni dunƙula gumbar, ta ce ita ta san yadda ɗanta yake son ta. Muka cika ƙwarya, muka aro tabarmin masallaci muka shimfiɗa.

Da hantsi sai ga motoci. Ashe ranar ce manya za su zo gaisuwa gidan babban mutumin a Karaye, an ce kowane ƙauye ya fito. Mutanen da ko hannu bai taɓa ɗaga musu ba suka riƙa matsar hawaye suna rububin kujera a motocin. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Aka naɗe tabarmin a gabanmu, wai za a buƙace su a can. Liman ya leƙo zaure da rigarsa ta Idi.

"Iya, ki yi haƙuri, yanzun nan zan dawo."

Mai unguwa yana bayansa, idonsa a kan ƙwaryar. "Bai kamata mu je hannu rabbana ba, Iya. Sadaka duk sadaka ce, ladan ba ya ɓata hanya."

Na buɗe baki zan wanke shi, Gwaggo ta danne mini hannu. Ta lissafa cewa a can bakin ci ya fi yawa, ɗanta zai fi samun lada. Ita da kanta ta miƙa masa ƙwaryar.

Muka wuni mu biyu a zaure, ko akuya ba ta gitta ba.

Bayan la'asar suka dawo ana ta hirar shinkafa da nama, da wane ya gaisa da wane. Liman ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"An yi addu'a mai kyau, Iya. An haɗa da naki."

"An faɗi sunansa, Malam?"

"An ce da sauran waɗanda abin ya shafa. Ai yana cikin sauran."

"Gumbar fa, an ci?"

Mai unguwa ya sosa ƙeya, ya ce masu gadi ne suka hana shiga da ita. Ya ajiye ƙwaryar. A mota gumbar ta wuni cikin rana, ta yi tsami, ga shatin takalmin wani a kan faifan.

Gwaggo ta jawo ta gabanta, ta zauna a ƙasa tunda babu tabarma. Ta ɗaga hannu ta ambaci sunan ɗanta da kanta. Ni kaɗai na ce amin, don liman ya riga ya juya yana sakace.