Rumbun Sajan Audu

Har gobe ba zan manta da ranar da aka fasa mini goshi a bakin aiki ba. Tunda kun ga tabon kuna ta tambaya, ku matso ku ji, musamman ku da kuka shigo ofishin jam'iyya jiya-jiya.

Gab da zaɓen 2007 ne, cikin bazara, zafi kamar ya dafa mutum. Ni ne direban motar kamfe ta jam'iyyarmu a ƙaramar hukumar Zuru, wata tsohuwar a-kori-kura da aka ɗaura wa lasifika biyu a ka. Tsarin ofis kuwa ga yadda yake: ciyaman na ƙaramar hukuma shi ne babba, a lokacin Malam Haruna ne, tsohon hedimasta. Daga shi sai sakatare, sai shugabar mata, sai shugaban matasa, kowace mazaɓa kuma da nata ciyaman. Direba shi ne na ƙarshe a layi, amma shi dutse ke fara samu, domin shi ke zaune a gaba.

Abokin aikina Yohanna ne, mai kula da janareta da lasifika. Mutum ne mai shiru, tafin hannunsa duk kanta. Kantar nan kuwa ta golmo ce. Ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa gidan surukansa, shi da abokansa, damina bakwai, kafin a ba shi matarsa. Har cikin masu zuwa coci akwai gidajen da ba su sake shi ba. Yohanna ya yi shida, saura ɗaya. Sunan yarinyar Rahila, suna son juna tun suna firamare. Ubanta kuwa, Sajan Audu, tsohon soja mai ɗingishi, shi ne ciyaman ɗin mazaɓa na ɗaya jam'iyyar a wani ƙauye bayan Dabai. To, nan fa gizo ke saƙar.

Ran nan da hantsi muka nufi ƙauyen don shelar taron ɗan takararmu. Muna hawa wani ɗan tudu sai ga kututture an gitta a hanya. Ina taka birki duwatsu suka fara sauka. Gilashin gaba ya tarwatse, wani dutse ya same ni nan. Samari suka haye motar, suka kwance lasifikun, suka shige daji da su. Yohanna ne ya yage rigarsa ya ɗaure mini kai, ya ja motar har asibiti, shi da bai gama iya tuƙi ba. A giya ta ɗaya muka shigo gari, mota na kuka, ni ma ina yi.

Washegari bayan la'asar aka kira taron gaggawa a ofis. A ƙa'ida direba ba ya zaman taro, amma ranar a gaba aka zaunar da ni da ɗinki a goshi, don kowa ya gani. Shugaban matasa, Garba, wanda muke ce wa Garba Wuta, ya miƙe. Kuma tsakani da Allah, maganarsa ba ta banza ba ce.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "in muka yi shiru, kashinmu ya bushe. Wa zai yarda ya tsaya mana wakili a rumfar zaɓe, alhali ya ga an fasa kan direbanmu mun ce Allah ya isa? Talaka ba ya bin wanda ba zai iya kare shi ba. Su suka fara. Sajan ne ya tara yaran nan, kowa ya sani. Rumbunansa suna nan bayan gida. Galan ɗaya na fetur ya isa ya koya masa hankali."

Ofis ya ɗauka, "Haka ne!" Ni ma da ƙarfi na faɗa, domin kaina yana sara kamar ana daka a ciki. Wanda aka fasa wa kai ai dole ya yi fushi.

Sai Garba ya juya wajen Yohanna. "Kai ka san hanyar bayan gidan, karensu ma ya san ka. Kai za ka shige gaba. Yau za mu gane ko namu ne kai ko na surukinka."

Wallahi na tausaya masa. In ya ƙi, ya zama munafuki, aikinsa ya tafi, kuma a garin nan irin wannan suna ba ya goguwa. In ya yarda, damina shida ta bi ruwa, har da Rahila. Ya kalli tafin hannunsa. Da ya buɗe baki, Malam Haruna ya fuskanta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, dawar da ke cikin rumbunan nan ni na noma ta. Ni na yi huɗa, ni na yi noman fari da maimai, ni na yanke, ni na ɗauko ta a ka. Ƙafar Sajan ba ta kai shi gona. In kun ce a ƙone, ban isa in hana ba, amma ku sani gumina za ku ƙone."

Ni kuwa sai na tuna rigar da ya yaga, har lokacin tana cikin mota da jinina a jiki. Nan take fushina ya sauka.

Malam Haruna ya cire tabarau ya goge da bakin riga, yadda yake yi in zai hukunta ɗalibi. "Garba, rabin maganarka gaskiya ce. Shiru ba za mu yi ba. Amma wuta ba ta san ɗan jam'iyya ba. Bayan zaɓe, ɗan takara in ya ci ya tafi Birnin Kebbi, in ya faɗi ya tafi Kaduna ya huta. Mu da su kuwa muna nan, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya." Ya dube ni. "Mamman, za ka iya tuƙi jibi?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

"Kada a sa gilashi, kada a wanke motar. Yadda suka bar ta, haka za mu kai musu ita, da rana tsaka, mu karɓo kayanmu."

Garba ya ja tsaki ya fice. Samari da dama suka bi shi, suna cewa tsoho ya mayar da jam'iyya makarantar firamare.

Mu huɗu muka tafi: ciyaman, da shugabar mata Mama Saratu, da Yohanna, da ni. Ko sanda ba mu ɗauka ba. Kada ku zaci jarumta ce, tun daga Dabai a tsorace nake. Ciyaman ya ce in tafi a hankali. Muka ratsa ƙauyen kamar masu rakiyar gawa, mata suna ajiye taɓarya suna leƙen motar, suna ganin jini a kujera da bandeji a kaina. Na tsaya daidai ƙofar gidan Sajan. Kafin in kashe mota samari sun kewaye mu, wasu hannunsu a baya.

Yohanna ne ya fara sauka. Sajan ya fito yana dogara sanda. Yohanna ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi yadda suruki ke gaisuwa.

"Yohanna," in ji Sajan, "da su ka zo, ko zuwan kanka ne?"

"Da su na zo, Baba. Gaisuwar ce tawa."

Malam Haruna bai ɗaga murya ba. "Sajan, mun zo karɓar lasifikunmu. Na haya ne, na Emeka mai shagon kayan lantarki, inda ku ma kuke haya. Mun kuma kawo maka kan direbanmu ka gani, tunda ranar ba ka wurin. Taronmu yana nan ranar Asabar a filin makaranta, ba mu ɗage ba."

Sajan ya zuba mini ido. Ana cikin haka sai ga Rahila ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta wuce ubanta, ta wuce ciyaman, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar mota, ta miƙo mini. "Sannu, Baba Mamman. Allah ya ba ka lafiya." A gaban ubanta, a gaban yaran da suka jefe ni! Na karɓa na sha, ni ƙaton banza, hawaye na zuba cikin ƙwaryar.

Sajan ya daka wa samarin tsawa da yarensu. Ba a jima ba sai ga lasifiku an ɗauko a ka. Haƙuri dai bai ba mu ba, ya juya ya shige gida.

Ranar Asabar aka yi taro, ko tsakuwa ba a jefa ba. Amma kada in yi muku ƙarya, mazaɓar nan mun sha kaye, mummuna ma. A wata mazaɓar kuma wakilanmu sun ƙi fitowa ranar zaɓe, wai jam'iyyar da ba ta ramawa ba za su ba ta wuyansu ba. Garba ya shekara yana cewa sanyin Malam Haruna ne ya kashe mu, kuma ba zan iya rantsuwa cewa duk ƙarya yake yi ba.

Yohanna ya cika daminarsa ta bakwai a shekarar. Bayan kaka aka yi biki, ni na ɗauko amarya a a-kori-kurar nan. Ana tsakiyar hidima Sajan ya ja ni gefe, ya ɗora babban yatsansa a kan tabon nan. "Ban jefa ba, amma ni na tara su. Ka yafe mini, Mamman." Na ce, "Sajan, ai na yafe tun ranar da 'yarka ta ba ni ruwa."

Tuwon bikin kuwa, tsohuwar dawa ce, daga rumbun bayan gida aka ɗebo. Garba Wuta ya zo, ya naɗe hannun riga ya ci ya ƙoshi, ango da kansa ya ƙara masa miya.

To, ga abin da aikin nan ya koya mini. In an taɓa ku, kada ku kwanta. Ku koma wurin da rana, fuska a buɗe, ku karɓi naku, ko da hakan zai ci muku ƙuri'a, domin wani lokaci yana ci. Amma duk ranar da wani ya miƙe a ofishin nan ya ce a sayo fetur, ku fara tambayarsa wa ya noma dawar da ke cikin rumbun. A ƙasar Zuru, sau da yawa yana nan zaune kusa da ku a benci ɗaya.